Yadda Ake Raya Mujallar Ilimi a Intanet Har Ta Sami Masu Karatu

A ofisoshin sassa da yawa na jami'a, a Samaru ko a Kongo ko a wani gari, akwai wata kusurwa da kowa ya sani amma ba mai waiwayarta: kwalaye uku ko huɗu cike da mujallar sashe, wasu ma ba a kwance igiyar da maɗaba'a ta ɗaure su da ita ba. Kowane marubuci ya zo ya karɓi kwafinsa biyu, ya sa ɗaya a fayil ɗin neman ƙarin girma, ya kai ɗaya gida. Sauran kuwa rabon ƙura da gara ne. Da aka ce a koma intanet, da yawanmu mun ɗauka an rabu da kwalayen ke nan. Ashe intanet ma tana da nata kwalayen: shafi na nan, maƙaloli na nan, ba mai leƙawa sai wanda ya rubuta.

Na ɗan jima ina taya wata ƙaramar mujallar harshe da adabi da tarihi aiki a nan Zariya. Samun marubuta bai taɓa ba mu wahala ba, tunda kowane malami yana buƙatar bugu kafin a ɗaga shi. Mai karatu shi ne abin nema. Matakan da ke ƙasa na jera su ne yadda nake ganin ya kamata a bi su, domin wasu ba sa yiwuwa sai an gama na gabansu.

Da farko: wa kake yi wa, kuma sau nawa?

Garin nan ba baƙon ɗab'i ba ne. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na edita, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Abin da ya riƙe waɗancan ayyuka shi ne sun san wanda suke yi wa magana. Kai ma zauna da abokan aikinka ku rubuta a layi huɗu ko biyar: wane fanni mujallar ta ɗauka, wane ne ba ta ɗauka ba, da waɗanne harsuna za a karɓi rubutu. Mujallar da ta ce tana karɓar komai, daga nahawu zuwa kiwon kaji, ba ta da mai jiran fitowarta.

Sannan ku yanke sau nawa za ta riƙa fita, kuma ku faɗi abin da za ku iya. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara ya wadatar. Kada zumuɗi ya sa ku rubuta "duk bayan wata uku" a shafin farko, shekara ta zagayo kuna da fitowa ɗaya tal. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku tuna yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya kai kimanin wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Mujallar da ba ta da ajiya tana tsayawa cak a irin wannan lokaci. Shawarata ita ce kada a buɗe shafi sai fitowar farko ta kammala, kuma rabin ta biyu na hannu.

Suna, lamba da mutane

Bincika sunan da kuka zaɓa a intanet kafin ku manne masa, don mujallu masu kama da juna a suna sun yi yawa. Daga nan a nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, mai alƙaluma takwas. A Najeriya, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Abin da ake yawan mantawa: bugun takarda da bugun intanet kowanne da lambarsa. In kuna da ta takarda tun da can, ba ta isar muku ba.

Kwamitin editoci kuwa, a nemi yardar kowa a rubuce kafin a sa sunansa. Na taɓa ganin wani dattijon farfesa a wurin taro yana jujjuya wata mujalla, ya ga sunansa cikin masu ba da shawara, ya ɗago kai ya ce, "Ikon Allah, yaushe na shiga nan?" Kunya ta kama kowa. Kuma a fita daga harabar gida: a nemo mutum daga Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yamai, da duk inda ake nazarin fannin. Wannan ba ado ba ne. Kowane ɗan kwamiti ƙofa ce zuwa ga ɗalibansa da abokan aikinsa.

Gidan da mujallar za ta zauna

Kada a bari wani ya ce zai "zana muku shafi" daga tushe, ya riƙa liƙa maƙaloli kamar tallar atamfa. Akwai manhaja kyauta da aka yi don wannan aiki, Open Journal Systems, wadda aka fi sani da OJS. Ita ce ke karɓar maƙala daga marubuci, ta aika wa masu tantancewa, ta ajiye tarihin wasiƙu, ta kuma shirya bayanan kowace maƙala yadda injinan bincike ke ganewa. Fara tambayar ɗakin karatun jami'arku ko sashen kwamfuta ko suna da ita a ɗore. In suna da ita, ku shiga ƙarƙashin adireshin makarantar mai ƙarewa da edu.ng, ya fi kwarjini, kuma ba ku da ɗawainiyar sabunta shi. In babu, ku sayi adireshinku da masauki, wato wurin da shafin zai zauna a intanet, ku buɗe imel na mujallar kanta, ku yi rajistar komai da shi. Zan dawo kan wannan a ƙarshe, don a nan muka sha wuya.

Siffar maƙala: nan ne ake cin kasuwa ko a faɗi

Mafi yawan masu karatu ba ta shafin farko suke shigowa ba. Ɗalibi ne ke zaune a ɗakin kwana ko a bakin shagon caji, ya rubuta "kirarin sarauta" ko "waƙoƙin aure" a wayarsa, ya danna abin da ya fito. Saboda haka duk aikin shi ne maƙalarku ta fito a wannan bincike, kuma ta buɗu a waya ba tare da ta cinye masa data ba.

Kowace maƙala ta sami shafinta da fayil ɗinta na PDF. Kada a haɗa fitowa guda mai shafi ɗari uku a fayil ɗaya a ce wa mutane su sauke. Google Scholar, wanda ya fara aiki a 2004 kuma nan ne masu nazari suka fi nema, yana son kowace maƙala da adireshinta, da rubutun da za a iya kwafa ba hoto ba, da fayil da bai wuce megabait biyar ba. Wanda ya kai bugun takarda shagon fotokwafi aka ɗauki hoton shafukan, ya ɗora, to hoto ya ɗora. Injin bincike ba ya ganin ko kalma ɗaya a ciki.

Sai babbar matsalarmu mu masu rubutun Hausa: haruffa masu lanƙwasa. Har yau akwai malaman da ke aiko maƙala da tsofaffin zubin haruffan nan da suka yi mana amfani a da, waɗanda ke aron wasu alamomi su nuna su a matsayin ƙ da ɗ da ɓ. A kwamfutar mai rubutun komai daidai yake. Da zarar an kwafa zuwa shafin intanet, sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Wanda ya nemi "ƙasa" ba zai taɓa cin karo da "}asa" ba. Magani shi ne a tilasta amfani da haruffan Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci da wayoyi ke ganewa, a rubuta hakan a ƙa'idojin marubuta, a kuma zaɓi zubi mai ɗauke da su, irin su Charis SIL ko Noto, duka kyauta ne. Ga gwajin da nake yi wa kowace maƙala kafin ta fita, ba ya cin minti ɗaya: in buɗe PDF ɗin, in kwafi jimla mai ƙ da ɗ, in liƙa ta a WhatsApp. In ta fito lafiya, shi ke nan. In ta fito da wasu ƙahonni, a koma baya.

Akwai kuma ɗaya gefen. Yawancin mutane ba sa lanƙwasa harafi idan suna bincike a waya. "Wakokin baka" za su rubuta. Ni nakan bari a saka muhimmiyar kalma ɗaya ko biyu ba lanƙwasa a cikin fitilun kalmomi, bayan an rubuta ta daidai. Wasu malaman nahawu na ganin wannan sakaci ne, kuma na fahimce su, amma jikin maƙalar na nan da ƙa'idarsa, ƙofar shiga kawai aka faɗaɗa.

Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙala, ya zama da harshe biyu. In maƙalar da Hausa take, a yi mata take da tsakure na Ingilishi. In da Ingilishi ko Larabci ko Faransanci take, a yi mata na Hausa. Kuma tsakuren ya faɗi abin da aka gano. "Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba..." ba ta gaya wa kowa komai ba.

Wajen cike bayanai a OJS a natsu. Kada a rubuta take da manyan baƙaƙe zalla. Gurbin suna na suna ne: ba Dakta, ba Farfesa, ba Alhaji. Mutum ɗaya kuma ya tsaya kan rubutu ɗaya. Wanda yake Muhammad a wannan fitowa, Mohammed a waccan, Muhd a ta gaba, ya raba aikinsa gida uku da hannunsa. A sa kowane marubuci ya yi rajistar ORCID, lamba ce mai alƙaluma goma sha shida, kyauta, da ke bin sa duk inda ya buga. Dalilin natsuwar shi ne, in Google Scholar ya riga ya ɗauki kuskure, gyaran kan ɗauki wata shida zuwa tara kafin ya bayyana.

Wani alheri da takarda ba ta da shi: maƙalar da ta yi nazarin waƙar baka ko tatsuniya za ta iya zuwa da muryar a liƙe, in mai muryar ya yarda. Wadda ta yi nazarin rubutun ajami za ta iya zuwa da hoton shafin. Sai dai a rage nauyin hoton, a kuma juya matanin zuwa boko a ƙarƙashinsa, don a same shi a bincike.

Tantancewa, da maganar kuɗi

Mutum biyu su duba kowace maƙala, ba su san marubucin ba, shi ma bai san su ba. A cire sunan daga shafin farko, a kuma cire shi daga bayanan fayil ɗin, inda Word ke ɓoye sunan mai kwamfutar. A ba su mako huɗu zuwa shida da takardar tambayoyi gajera, a kuma riƙa tuni ba gajiya.

Wahalar ba a nan take ba. Wahalar ita ce ranar da malaminka, wanda ya duba kundin digirinka, ya tare ka a baranda ya ce, "Malam, ina maƙalata ta kwana?" alhali masu tantancewa sun ce a sake ta. Abin da ya cece ni shi ne tsarin da kansa: "Ranka ya daɗe, ba a hannuna take ba, waɗanda suka duba ne suka dawo da gyare-gyare, na tura maka ta imel." In edita ya karya wannan sau ɗaya, labari zai zaga, kuma masu rubutun kirki za su kai nasu wani wuri.

Manhajojin gano satar fasaha ba su cika kama ta a rubutun Hausa ba, saboda yawancin kundayen digiri suna kan kanta ne a ɗakunan karatu, kuma wanda ya fassaro aikin wani daga Ingilishi ya wuce su salin-alin. Mai tantancewa da ya san fannin shi ne maganin wannan.

Kuɗi kuwa, a rubuta shi ƙarara a shafi: nawa ne, na mene ne, yaushe ake biya. Kada a karɓi kuɗin bugu kafin a amince da maƙala, don wanda ya biya yana ganin ya saya. In mujallar ta makarantar gwamnati ce, a tambayi ofishin da ke hulɗa da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, domin asusun yana da tallafi na mujallun bincike.

Shiga manyan rumbuna

Bayan fitowa ɗaya ko biyu sai a fara ƙwanƙwasa ƙofofi. Lambar DOI, wadda ke farawa da 10, ita ce adireshin dindindin na maƙala: ko shafinku ya ƙaura, lambar na nan, matuƙar kun sabunta inda take nunawa. Ƙungiyar Crossref ce ke bayar da ita ga yawancin mujallu, don haka a bincika ko akwai kuɗin da za a biya, a sa shi a kasafi tun wuri.

African Journals Online, wato AJOL, ta fara a 1998, tana Afirka ta Kudu, tana ɗauke da ɗaruruwan mujallun nahiyar, kuma na Najeriya ne suka fi yawa a ciki. Ita kuwa DOAJ, rumbun mujallun da ake karantawa kyauta, da aka kafa a 2003 a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, neman shiga kyauta ne amma tana da sharuɗɗa. Sabuwar mujalla sai ta yi shekara tana fita ko ta buga maƙalolin bincike goma. Ana son aƙalla biyar a shekara. A bayyana tsarin tantancewa da lasisin amfani, kamar na Creative Commons. Kuma maƙalolin editoci da 'yan kwamiti kada su wuce kashi ashirin da biyar cikin ɗari. Wannan na ƙarshe shi ke kayar da mujallun sassa, inda shugaban sashe da mataimakinsa da sakataren kwamiti duk suke da maƙala a fitowa guda.

Da zarar shafinku ya fara motsi, wasiƙu za su fara shigowa daga masu cewa za su ba ku "ma'aunin tasiri" da tambari mai ƙyalli in kun biya 'yan daloli. Share su. Wannan tambari a shafinku ba ya ƙara muku komai sai zargi.

Kai mujalla inda mutane suke

Nan ne yawancinmu muke nannaɗe tabarma, mu ce aiki ya ƙare, alhali yanzu aka fara. Sanarwa guda ta "fitowa ta biyu ta fito" a zauren WhatsApp na malamai tana samun "Ma sha Allah" goma sha biyu, ba wanda ya buɗe. Abin da ya fi aiki shi ne a riƙa fitar da maƙala ɗaya a mako, da layi biyu na Hausar kasuwa da ke faɗin abin da ke ciki, kamar tambayar da za ta tsaya wa mutum a rai: me ya sa Zazzagawa ke faɗin kaza, Kanawa na faɗin kaza? Kuma a tura mahaɗin shafin, ba fayil ɗin ba. Fayil in ya shiga WhatsApp ya tafi ke nan: ba ku san wa ya karanta ba, kuma in an yi gyara tsohon ne zai ci gaba da yawo.

Babbar kasuwarku ɗalibai ne. A rubuta wa malaman da ke koyar da fannin, a jami'o'i da kwalejojin ilimi, wasiƙa ta mutum da mutum: "Allah gafarta Malam, ga maƙala biyu da suka dace da kwas ɗinka na adabin baka." Maƙalar da ta shiga jerin karatun aji tana samun sababbin masu karatu duk shekara ba tare da kun sake motsi ba. A kula da lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rubuta kundi, a ƙara ƙaimi a lokacin. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, dama ce ta fito da tsofaffin maƙaloli. Masu shirye-shiryen al'adu a gidajen rediyo kullum suna neman baƙo, masu rubutu a Wikipedia ta Hausa kullum suna neman madogara. A aika musu.

Su ma kwalayen can na kusurwa kada a raina su. Maƙalar tarihi ko adabi ba ta tsufa da wuri. Wadda aka rubuta shekara talatin da suka wuce kan sarautun Zazzau tana iya fin ta bana masu nema. A nemi izini, a ɗauki hotonsu da kyau, a bi da manhajar da ke mayar da hoto rubutu. Takan yi tuntuɓe a haruffa masu lanƙwasa, don haka take da suna da tsakure a buga su da hannu.

Ƙidaya ta gaskiya

Ɗan agogon nan da ake liƙawa a ƙasan shafi yana cewa "baƙi dubu kaza" ba abin dogaro ba ne. Yana ƙirga injinan da ke yawo a intanet, yana ƙirga kai kanka duk sanda ka leƙa. OJS na da nata lissafin, wanda ke tace sanannun injina, yana kuma raba waɗanda suka tsaya a tsakure da waɗanda suka sauke maƙalar. Wannan bambanci shi ne abin dubawa. In ana buɗe tsakure ba a saukewa, ko dai tsakuren bai ja hankali ba ko fayil ɗin ya yi nauyi. Duk wata uku a zauna a rubuta: waɗanne maƙaloli biyar ne a gaba, daga ina masu karatu suke, wane wata aka fi shigowa. Bayan shekara biyu za ku ga fannin da mutane ke ƙishirwa, sai ku shirya fitowa ta musamman a kai.

Kada a karaya in ba a ga ana kafa hujja da maƙalolin nan da nan ba. A fannoninmu abin kan ɗauki shekaru, kuma da yawa a littattafai da kundaye yake fitowa, inda injin ba ya ƙirgawa. Alamar da ni na fi yarda da ita ita ce ranar da maƙala ta shigo daga wanda ba wanda ya san shi a kwamiti, daga garin da ba ku taɓa aika sanarwa ba.

Ajiya da miƙa mulki

Ga abin da na ce zan dawo kansa. Wani ɗalibi mai hazaƙa ne ya taimaka ya sayo mana adireshi, da imel ɗinsa da katin bankinsa, don a lokacin shi ya fi sauƙi. Ya gama, ya tafi bautar ƙasa, ya canja layi. Wata safiya na buɗe shafin na tarar da tallar da ba ta shafe mu ba. Wa'adi ya cika, sanarwar sabuntawa ta yi ta zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Muka yi makonni muna neman lambarsa ta hannun abokan ajinsa. Laifinmu ne, ba nasa ba.

Saboda haka a kunna tsarin adana da ke cikin OJS, na PKP, wato waɗanda suka yi manhajar, kyauta ne ga mujallar da ke da ISSN, yana ajiye kwafi a wasu wurare ko da shafinku ya mutu. Duk bayan fitowa a kwafi komai a faifai biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a ɗakin karatu. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi a rubuta imel ɗin mujalla, kalmomin sirri, sunan kamfanin masauki, ranar sabunta adireshi da ranar biyan kuɗin DOI. Mutum biyu su san inda yake, kuma ranar da sabon edita ya karɓi aiki a zauna tare da shi, ya shiga kowane asusu da hannunsa a gabanka kafin ka miƙa masa makullin ofis.